Cutar bairos a itacen tuffa: abin da masu garka suka tattauna a Maradi

A zaman da wasu masu garka na Jiratawa da bakin Gulbi suka yi da wani malamin gona, an fi daɗewa kan tuffa, don akwai masu gwada irin Anna, mai jure wa ƙasa mai zafi.

Maganar da ta fi ɗaga hankali: bairos ba ya da magani. In ya shiga itace, feshi asarar kuɗi ne kawai. Sai a tumɓuke shi har saiwa, a ƙone, domin saiwoyin itatuwan da ke kusa da juna kan haɗe su ɗauki cutar.

Malamin ya ce yawancin bairos ɗin tuffa ta hanyar aure (haɗa reshen wani itace a jikin wani) suke yaɗuwa, ba ƙwari ke kawo su ba. Mai yanko reshe daga itacen maƙwabci don ya ga ganyensa shar, ya sani wasu cututtukan ba sa nuna alama, sai dai ƴaƴa su yi ta raguwa. A sayi dashe inda aka tantance, a riƙa wanke wuƙa da almakashi da ruwan jabel.

An ɗan yi gardama kan ganye mai rawaya. Wani dattijo ya ce yunwar taki ce, kuma sau da yawa gaskiyarsa: ƙarancin sinadarin ƙarfe kan sa sabon ganye ya koɗe, jijiyoyinsa na nan kore. Bairos kuwa dabbare-dabbare yake yi, ba tsari. Mai shakka ya nemi malaman INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna kafin ya ɗauki gatari.