Ƙauyen da ake nuna mana a fim: abin da muka kalla a kakar bana

Malamin firamare, ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka kai gero rumbu aikin gona ya yi sauƙi, kusan kowane gida a garinmu ana kallon wani abu bayan sallar isha'i, kaɗan a talabijin mai aiki da sola, mafi yawa kuma a waya. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya kalla kwanan nan da yadda ya same shi, musamman ta fuskar da ta daɗe tana damuna, wato yadda ake nuna mutumin karkara. Ni na bi wani fim mai dogon zango har ƙarshen zangonsa na biyu, kuma ba zan ɓoye ba, labarin ya riƙe ni, hoton ya fito tsaf, sauti ma ya fi na fina-finan da muka saba saya a faifai nesa ba kusa ba. Amma duk sa'ad da labarin ya bar birni ya nufi ƙauye sai raina ya ɓaci, domin mutumin da ake kawo mana a matsayin baƙauye ba ya iya gaisuwa, ba ya iya zama a kujera, yana cin abinci hannu baka hannu ƙwarya a gidan surukai, kuma ana sa shi ya karya harshe da wata irin Hausar da ban taɓa jin ta a Ringim ko Taura ko Garki ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ɗalibaina suna kallon wannan, har na fara jin suna zagin juna da sunan wannan baƙauyen a filin makaranta, alhali dukkansu 'ya'yan manoma ne.

Manomin shinkafa, ƙasar Auyo:

Wa alaikumus salam Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Wanda na kalla a makon jiya ba wawa aka nuna ba, manomi ne mai mutunci, amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane cewa masu shirin ba su tambayi kowa ba. An nuna shi yana noman firi a gonar da dawarta ta riga ta fitar da kai, ya riƙe ƙotar daga can ƙarshe, yana sanye da farar shadda mai guga, sa'an nan a fitowa ta gaba, wadda aka ce washegari ce, sai ga hazon hunturu ya rufe gari. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma ni daga nan na daina yarda da sauran labarin, domin wanda bai san lokacin firi da lokacin maimai ba, ban ga yadda zai san abin da ke hana manomi barci ba.

Kuma abin da ke hana mu barci a bakin kogin Haɗejiya labari ne da ya isa a yi masa zango goma. A shekarar 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a nan Auyo da Kafin Hausa da Ringim da sauran wurare, mutane suka kwana a makarantu, wasu suka riƙa yankan shinkafa cikin kwalekwale kafin ta nuna don kada su tashi a tutar babu. Ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, ga tsuntsayen jan-baki da ke sa yaro ya wuni a gona yana kaɗa gwangwani, ga bashin taki da ake karɓa da alkawarin biya da buhu bayan girbi, wanda ya raba 'yan'uwa na jini da yawa. A cikin wannan akwai soyayya, akwai cin amana, akwai jarumta, duk abin da masu fim ke nema, amma har yau ni ban ci karo da wanda ya ɗauko shi ba.

Ma'aikaciyar lafiya, ƙasar Birnin Kudu:

Malam da Yaya na Auyo, na yarda da mafi yawan abin da kuka faɗa, sai dai ina ganin bai kamata a yi wa duka kuɗin goro ba. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a shekarar 2014 aka samu shirye-shiryen da suka matso kusa da rayuwar talaka, kuma Daɗin Kowa yana cikinsu, domin a nan ne na fara ganin gidan ƙasa da tsakar gida da murhu kamar yadda suke, da malamin tsangaya da almajiransa, da mutanen da rikici ya raba da garuruwansu. Gari ne ƙirƙirarre, ba ƙauye ba ne sosai, amma mutanensa na san irinsu.

Abin da na kalla kwanan nan wani shiri ne dabam, inda wata mata ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki saboda mijinta ya tafi ci-rani kuma babu wanda ya yarda ya ba da izinin kai ta asibiti a bayan idonsa. Na kalle shi tare da matan gidanmu, kuma da aka zo wurin da uwar miji ta ce a ƙara jiƙo a jira gari ya waye, sai ɗakin ya yi tsit, domin kowace a cikinmu ta san wata da wannan ya faru da ita. Kwana kaɗan bayan haka wasu mata da suka zo awo suka tayar mini da maganar da kansu, har ɗaya ta ce ta sa maigidanta ya bar izini a wurin ƙaninsa kafin ya tafi Legas. Na shekara da shekaru ina faɗin wannan magana a ɗakin awo ba ta shiga kamar yadda wannan fitowa guda ta shiga ba. Inda na ga gazawarsu shi ne asibitin da aka kai ta daga ƙarshe, wanda aka nuna da likitoci a tsaye suna jira da wuta ko'ina, alhali abin da matar ƙauye za ta tarar da tsakar dare sau da yawa ma'aikaciya ɗaya ce da fitilar waya. Da sun nuna hakan, da saƙon ya isa har ga waɗanda ke da ikon gyarawa.

Mai tura fina-finai a waya, kasuwar Dambatta:

Iyayena da yayyena, ku yi mini haƙuri in faɗi abin da nake gani a teburina, domin ranar Lahadi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu suna zuwa cin kasuwa, kuma da yawansu ba sa komawa sai sun kawo mini memori na cika musu. Tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a shekarar 2023, gidajen kallo da yawa ba sa tayar da janareta sai ranar ƙwallo, data kuma ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali, ga sabis da ba ya kama YouTube a wurare da dama, saboda haka abin da ake kallo a ƙauye kusan duk ta hannun irinmu yake bi. Gaskiyar magana ita ce, abin da aka fi tambayata shi ne fim mai manyan gidaje da motoci da 'yan mata masu ado. Lokacin da shirin Labarina na Aminu Saira ya fito a 2020, har daga rugage ake aiko yara su tambaya ko sabon kashi ya sauka. Na taɓa tura wa wani magidanci fim ɗin da aka yi shi kacokan a ƙauye, ya dawo mako na gaba ya ce in goge, wai ya wuni a cikin wahala ba zai kwana yana kallonta ba. Don haka ban ga laifin masu shiryawa su kaɗai ba.

Sai dai akwai abin da ya goyi bayan Yaya na Auyo. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, musamman na kudancin ƙasar, waɗanda suka fi tafiya a wurina su ne waɗanda jaruminsu ɗan ƙauye ne da ya tsaya wa manoma a kan wani attajiri mai son ƙwace musu gonaki ko ruwa. Matasa suna kallon irin wannan sau biyu sau uku. A can ɗan ƙauye ne gwarzo, yana sanye da kayan garinsu bai ji kunya ba. Ke nan mutanenmu ba ƙauyen suka ƙi ba, wulaƙancin da ake haɗa shi da shi suka ƙi, shi kuma wancan magidancin fim ɗin da na ba shi babu komai a cikinsa sai kuka daga farko har ƙarshe.

Ɗalibi, ƙasar Kazaure:

Ni shirin Kwana Casa'in na koma na kalla daga zangon farko na 2019, saboda lokacin da aka fara shi ban isa fahimtarsa ba. Jihar Alfawa da suka ƙirƙira ta sa na gane abubuwan da nake gani a mazaɓarmu lokacin zaɓe, yadda ake raba atamfa da taliya, da yadda ake ɗaukar matasa a ba su abin maye su bi ayari. Ina ganin shiri ne da ya girmama hankalin mai kallo. Abin da na so a ƙara shi ne a zauna sosai a kan mai unguwa da dagaci, waɗanda ɗan siyasa ke matsa wa daga sama talakawa kuma ke kallo daga ƙasa, domin a ƙauye a ƙofar gidajensu siyasa take sauka.

Dattijo, tsohon malamin gona, ƙasar Warawa:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka da wannan magana. Jikana ne yake rubuta mini, shi ne kuma yake kunna mini kallon. Mu mun fara da majigi, wanda ake kawowa a mota a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar dagaci, a nuna yadda ake shuka gyaɗa da auduga da tsabtace rijiya. Wa'azin hukuma ne, amma gonar da ke ciki gona ce ta gaske. Daga baya muka samu wasannin NTA da na CTV ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, kuma a cikinsu akwai baƙauye mai ban dariya tun wancan lokaci, don haka abin ba yau ya fara ba.

Malam na Ringim, ina so ka bambance abu biyu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ɗan Ɗanlasan ne a nan ƙasarmu, kuma ya sha fitowa a baƙauye, amma mu da muke ƙauyen mun fi kowa dariya, saboda baƙauyensa mai wayo ne, yakan shiga birni ya juya 'yan birnin, kuma karin maganarsa da zaurancensa daga bakin mutanenmu ya ɗauko su. Wanda jikana ya nuna mini shekaranjiya kuwa yaro ne da aka haifa a birni, aka shafa masa baƙi a haƙora aka ɗaura masa igiya a wando, ba shi da wayo ba shi da kunya. Ban yi dariya ba ko sau ɗaya. Haka nan an nuna dagaci zaune da dogarai yana yanke wa mutum hukuncin kora daga gari saboda ya nemi 'yarsa, alhali aikin dagacin da na sani shi ne sasanta iyakar gona, da shiga tsakanin manomi da makiyayi idan shanu sun bar burtali, da kai abin da ya fi ƙarfinsa gaban hakimi. Masu shirya fim mafi yawansu suna zaune a Kano wajen titin Gidan Zoo, sukan fito ƙauye na kusa su ɗauki abin da za su ɗauka kafin la'asar su koma, to a yini ɗaya ba a sanin gari.

Matar aure, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ƙasar Ɓaɓura:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni abin da na lura da shi a wanda muke bi yanzu shi ne, matar ƙauye ba ta da aiki sai faɗa da kishiya da zuwa wurin boka. Ba a nuna ta tana sussuka ko tuyar ƙuli ko kiwon awakin da take sayarwa ta yi wa 'yarta kayan ɗaki ba, ba a nuna adashin da muke rufa wa juna asiri da shi ba. Yarinyar da aka ce tallar fura take yi kuwa, ga farce na kanti ga gashin ido, ko ɗaukar ƙwarya ba ta iya ba. Duk da haka ina bin shirin, domin akwai wata uwa a ciki da ta tsaya kai da fata sai 'yarta ta gama sakandare kafin aure, kuma na so yadda ta yi wa mijinta magana cikin ladabi ba tare da ta janye ba. Na sa babbar 'yata ta zauna mun kalli wurin tare.

Manomin shinkafa, ƙasar Auyo:

Ƙanena na Dambatta, na karɓi maganarka, ni ma ba fim ɗin kuka nake nema ba, domin a fadamar nan ana dariya ana kiɗan gayya ana auren 'yan mata da kuɗin shinkafa. Tunda kana hulɗa da masu kawo muku kaya daga Kano, ka isar musu cewa duk mai son ɗaukar labarin manomi ya zo lokacin yankan shinkafar rani ya yi mako guda a cikinmu. Masauki da abinci suna wuyana, gonata da ta ƙannena suna nan, kuma akwai dattawan da za su zauna da marubucin su ba shi labarin shekarar ambaliya tun daga daren da ruwa ya karya jinga.