Abin da aka ce a sani kafin karanta wasannin alhini na Girkawa

Da aka tambayi abin da ya kamata mai karatu ya fara sani, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce a fara da bikin Diyonisus, abin bautar Girkawa na giya da wasan kwaikwayo, a birnin Atina, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasannin ɓangare ne na bautarsa, gasa ce ta marubuta uku, 'yan wasan maza zalla sanye da abin rufe fuska.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce ta jana'iza. A wurin Girkawa, mamacin da ba a binne ba ba ya samun hutu, shi ya sa a ɗaya daga cikin wasannin wata budurwa mai suna Antigon ta saɓa wa Sarki Kiriyon, wanda ya hana a binne shi, ta watsa ƙasa kan gawar ɗan'uwanta. Jinin da aka zubar kuwa ƙazanta ne mai jawo wa gari annoba, kamar a birnin Tibis zamanin Sarki Idifus, wanda ya kashe mahaifinsa bisa rashin sani.