'Yata na son rawar bale, sana'a ce ko ɓata lokaci?

Uwar 'yan uku, Birmingham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Autata shekararta 10, tun tana 'yar shida nake kai ta ajin rawar bale (ballet, rawar Turawan nan da ake tsayuwa kan yatsun ƙafa) duk Asabar, ni dai don ta rage mana ƙiriniya ne a gida. Makon jiya malamarta ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce yarinyar nan tana da ƙafa kuma tana jin kiɗa, in bar ta ta shiga gwajin makarantar rawa ta Elmhurst da ke nan garin, inda ake ɗaukar yara tun daga shekara 11. Babanta ya ce rawa ba sana'a ba ce. Ita kuwa ko goge baki take yi sai ka gan ta a ɗage kan yatsun ƙafa. Don Allah wanda ya san rayuwar masu wannan aiki ya faɗa min gaskiya, ana cin abinci da shi?

Mai gashin ƙashi, Landan:
Wa alaikumus salam Hajiya. A wurin aikina nakan duba masu rawar nan, don haka ƙafarsu na fi sani. Ranar da na fara kwance wa wata takalmi sai da na kau da kai: farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, sauran yatsun duk a naɗe da filasta, ita kuwa hira take min kamar ba jikinta ba. Da mun gama ta tsoma ƙafar cikin bokitin ƙanƙara, da yamma ta hau dandamali.

Kusan kwana shida suke aiki a mako. Kowace safiya sai an yi darasin motsa jiki riƙe da sandar bango, babba da yaro, sannan atisaye, sannan wasan dare. Takalmin tsayuwa kan yatsu ba katako ba ne kamar yadda mutane ke zato, ƙyalle ne da takarda da gam aka daskarar, wani a dare ɗaya yake mutuwa. Da hannunsu suke ɗinka masa igiya, su buga shi da ƙasa don ya daina ƙara.

Albashi akwai ga wadda babban kamfani ya ɗauka, amma guraben kaɗan ne, kuma yawanci a sahun baya ake farawa. Abin da ya fi damuna shi ne maganar abinci. Ki sa ido sosai, ranar da ta fara ture tuwo tana cewa ta yi ƙiba, kada ki ɗauka wasa ne.

Ɗan Damagaram a Paris:
Yaya, ki lissafa da gajartar aikin. A gidan Opera na nan Paris, shekara 42 ake sallamar mai rawa, da yawa kuma rauni ke zaunar da su tun kafin nan, su koma koyarwa. Amma ƙofa ta fara buɗe wa baƙar fata. A 2023 aka ba Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, muƙami mafi girma na masu rawa a gidan. Misty Copeland ta samu irinsa a American Ballet Theatre a 2015, ita da sai da ta kai 13 ta fara koyo.

Gwaggon yara, Kano:
Ƙanwata, ni ba kuɗin nake ji ba. Kayan matsattsu ne, kuma in ta girma namiji ne zai riƙa ɗaga ta sama a gaban jama'a. Akwai Stephanie Kurlow a Ostareliya da ke yi da hijabi, amma ke ma kin san tsiraru ne. Ku zauna da babanta tun yanzu, kafin yarinya ta sa rai. Af, makarantar nan ta Elmhurst ba ita ce ta ɗauki Anthony Madu ba, yaron Legas da aka ɗauka a bidiyo yana rawa cikin ruwan sama ba takalmi a 2020?

Uwar 'yan uku, Birmingham:
Ita ce Gwaggo, bidiyon ma ta kalla ya fi a ƙirga. Na gode muku duka. Na karanta wa babanta batun farcen, ya ce in nuna mata ko za ta tsorata. Na nuna mata, sai cewa ta yi wane irin filasta suke sawa. Asabar zan tambayi malamar kuɗin makarantar da kuma maganar kaya.