Maigidana yana shan Glivec, yanzu an ɗora shi a kan maganin tarin fuka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan maigidana yana fama da sankarar jini, wadda likitoci ke kira CML. Kullum yana shan Glivec, miligiram 400, kuma alhamdu lillahi jiki ya dawo har ya koma kasuwa. Watan jiya tari ya sa shi gaba, aka gwada majina aka ce tarin fuka ne, aka ba shi magani a asibitin unguwa. Bai gaya musu yana shan Glivec ba, wai a ganinsa ciwon daban ne. Yanzu fitsarinsa ya koma ja kamar zoɓo, gwajin hanta kuma ya nuna ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, ya ɗan hau. Surukata ta kawo jiƙon sassaƙe ta ce a wanke hanta. Wallahi na rasa barci. Ya ajiye ɗaya daga cikin Glivec da maganin tarin ne?

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ya ajiye ko ɗaya da kansa, amma gobe-goben nan ku je wurin likitan jinin da ke duba shi. A cikin maganin tarin fuka akwai rifampicin. Ita kuwa hanta tana da wani sinadari, CYP3A4, wanda aikinsa niƙe magunguna ne, kuma shi ne ke niƙe Glivec. Rifampicin na zaburar da hanta ta ƙara yawan sinadarin nan, sai Glivec ya riƙa ƙarewa tun bai yi aiki ba. Abin da ke saura a jini yakan ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Mutum yana shan ƙwayarsa kullum, amma sankarar ta samu sarari, kuma babu alamar da za ki gani da ido. Likita na iya ƙara masa yawan Glivec ko ya sauya rifampicin da wani maganin tarin mai suna rifabutin. ALT kuma magana ce daban: yana hawa idan hanta ta wahala, kuma isoniazid da pyrazinamide da ke cikin haɗin tarin, har da Glivec ɗin kansa, duk suna iya jawo haka.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, jan fitsarin nan kada ya tayar miki da hankali, rinin rifampicin ne, har hawaye da gumi yakan rina. Ki dai riƙa duba farin idonsa da rana a tsakar gida. In ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti a ranar. Ki kuma tambaya ko an taɓa yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B, don Glivec na iya tayar da shi.

Wata 'yar'uwa: Jiƙon nan dai a lallaɓa Mama a ajiye shi, ba a san me ke ciki ba, hantar kuma kayanta sun yi mata yawa. Ko Panadol sai an tambayi likita. Lokacin jinyar mahaifiyata, duk maganin da ke ɗakinta nake zubawa a leda ɗaya in juye a teburin likita.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na haɗa ledar, har da katin tarin. Da asuba za mu kama hanya insha Allah.