Neman shawara: hanyar da na samo a dajin Coconino ba ta cikin taswirar hukuma, ga shi na riga na yi wa surukaina alkawari

Baban Hanifa, Phoenix

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku cikin gaggawa domin lokaci ya ƙure mini. Surukaina sun iso daga Kano tun kafin Babbar Sallah, kuma wannan ne zuwansu na farko tun da aka ɗaura mana aure da 'yarsu. Duk wanda ya san Phoenix, a jihar Arizona ta Amurka, a watan Yuni ya san zafin yakan haura digiri 43, har surukina Alhaji, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin Kano da Agadez, ya ce bai taɓa ganin garin da hannun ƙofar mota ke ƙona mutum ba sai nan. Tun zuwansu daga ɗaki sai falo. Mutumin nan shi ya biya wa matata kuɗin karatu a lokacin da ba ni da hali, bai taɓa goranta mini ba, sannan mijin yayar matata da ke Dubai ya taɓa kai su kwana cikin rairayi, abin da har yau ake ba da labarinsa a gidan duk ranar da aka taru. Saboda haka na yi musu alkawari a gaban yara cewa zan kai su dajin Coconino, wajen Flagstaff, inda ƙasa ta kai tsayin ƙafa 7,000 kuma dare ke da sanyi, mu kafa tanti mu kwana uku.

Wuraren zango na kuɗi da na duba a Recreation.gov, shafin da ake kama wurin zango, duk sun cika, kuma ko da akwai gurbi ba na son su, domin tanti yana manne da tanti, ga karnuka ga masu shaye-shaye, Hajiya da matata ba za su iya ko alwala cikin natsuwa ba. Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani wuri, na je na gani da idona. Ana sauka daga babbar hanyar burji a bi wata 'yar hanya mai sawun taya kamar rabin mil, sai a fito wani fili a tsakiyar itatuwa, har da murhun duwatsu da tsohuwar toka a ciki. Babu shinge, babu allon hani. Da na dawo gida matata ta sauko da taswirar hukumar gandun daji da ake kira MVUM, muka ga babbar hanyar, amma 'yar hanyar nan babu ita, alhali tana nan a Google Maps. Shin idan ba a kafa alamar hani ba, ina da laifi in na shiga da mota? Kuma zan iya gasa naman layyarmu da gawayi a can? Na riga na yi hayar babbar mota.

Alhajin Denver

Wa alaikumus salam. Ƙanena, amsar tambayarka ta farko a fili take, kana da laifi. Tun shekarar 2005 hukumar ta kafa ƙa'idar cewa kowane daji zai fitar da taswirar hanyoyin da aka yarda mota ta bi, kuma da zarar taswirar ta fito, duk hanyar da ba ta ciki a rufe take ga mota, ko an kafa allo ko ba a kafa ba. Nauyin sani a wuyan direba yake. Juya taswirar da maiɗakinka ta sauko da ita ka karanta rubutun da ke gefe, za ka ga an rubuta cewa hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 5,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Sawun taya da murhun duwatsu ba hujja ba ne, shaida ce kawai cewa wasu sun riga ka karya doka, Google Maps kuwa hoton ƙasa yake nunawa, ba izinin hukuma ba.

Ka sake duba babbar hanyar da kyau. Idan ka ga an jera ɗigo-ɗigo a gefenta, to a nan an yarda ka kauce da mota har ƙafa 300, wato kimanin mita 90, domin ka yada zango, kuma idan ɗigon a gefe ɗaya yake to gefen nan kaɗai aka ba ka. Amma rabin mil ƙafa 2,640 ne, saboda haka ko da ɗigon yana nan, filin naka ya yi nisa ƙwarai. Faɗa mana lambar hanyar, wadda ke rubuce a kan ɗan turken nan mai ruwan ƙasa a bakinta, zan duba maka yanzu.

Maman Iman, Tucson

Baban Hanifa, ni maganar gawayin ce ta tayar mini da hankali. Watan Yuni shi ne ƙarshen rani a Arizona, kafin ruwan Yuli ya sauka, kuma a lokacin ne aka fi kafa dokar hana wuta. A mataki na ɗaya ba a hura itace ko gawayi sai a wuraren zango da hukuma ta gina, a mataki na biyu ko a can ma an hana. Abin da ake bari shi ne murhun gas mai makunni, wanda za ka iya kashewa nan take, shi ma sai ka share busasshen ganye a kewayensa. Gobarar Schultz ta 2010 daga wutar zango da wani ya tafi ya bari ta tashi, ta cinye fiye da eka 15,000 a arewa maso gabashin Flagstaff, sannan da damina ta zo ruwa ya gangaro daga ƙonannen dutsen ya shiga gidajen mutane. A Yunin 2021 ma rufe dajin aka yi ɗungurungum.

Kuma irin wuraren nan na ɓoye da kuke so ba su da tsabtar da kuke zato. Mun taɓa sauka a wani da yarana, muka tarar da kwalabe da ƙunzugun jarirai da takardar bayan gida a gindin kowace bishiya, na kwashe safiya ina tsince sharar wasu da leda a hannu maimakon in huta. Mutane ba sa ko haƙa ramin taƙi guda su binne ƙazantarsu, sannan idan aka rufe wuri su ce an takura musu.

Ɗan Damagaram, Las Vegas

Da girmamawa ga Alhajin Denver, ina ganin ana tsorata bawan Allah fiye da kima. Dajin nan ya haura eka miliyan 1.8, ma'aikata nawa ne za su bi kowace 'yar hanya? Na daɗe ina fita dazuzzukan yankin nan, ban taɓa ganin wanda aka ɗaure saboda ya ajiye mota a fili ba. Ƙasar ta jama'a ce, kuma muna biyan haraji kamar kowa. Ka tafi da iyalinka, ka bar gawayin a gida kamar yadda Maman Iman ta ce, idan wani ya zo ka gaishe shi da ladabi ka ce ba ka sani ba.

Abu Yasir, Albuquerque

Ɗan Damagaram, wannan shawarar ce wani ya ba ni, kuma ni na biya kuɗinta. A wani daji da ba zan ambata ba aka rubuta mini takarda saboda motata tana kan hanyar da ba ta cikin taswira. Ba dala 5,000 ba ce, amma takardar ta gwamnatin tarayya ce, kuma a jikinta ake nuna ko za ka iya biya kawai ko dole ka bayyana a gaban alƙalin tarayya. Abin da ya fi damuna ya zo daga baya, domin takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko wani jami'in tsaro ya taɓa kama ka ko ya rubuta maka takardar laifi, sai da na nemi lauya ya duba mini, kuɗin lauyan ya fi tarar. Wanda ya ba ni shawarar kuwa ko sannu bai ce mini ba, har yau muna haɗuwa a masallaci yana yi kamar ba a yi ba. Baban Hanifa, ban san matsayin takardunka ba, amma ka yi tunanin a tsayar da kai a gaban surukinka.

Baban Hanifa, Phoenix

Na gode muku duka. Sai dai ina ganin ba a fahimce ni ba. Ni ba mai karya doka ba ne, kuma ba daji zan keta ba, hanya ce sosai wadda ta fi wasu hanyoyin da ke cikin taswirar kyau. Abokin aikina haifaffen jihar nan ne, ya ce tun yana yaro mahaifinsa ke kai su wurin. Ba zai yiwu taswirar ce ta yi kuskure ba? Game da nama kuma, tsiren da aka gasa a kan gas ba tsire ba ne, kuma surukina da kansa ya haɗa yajin.

Alhajin Denver

Ƙanena, lokacin da abokin aikinka yake yaro babu wannan taswira, shi ya sa mahaifinsa bai yi laifi ba, kai kuwa za ka yi. Idan kana ganin kuskure ne, ofishin gandun daji na shiyyar Flagstaff yana da waya, kuma ana sabunta taswirar, amma wadda ke aiki a ranar da ka shiga ita ce hujja a kanka. Ban ga lambar hanyar da na tambaya ba.

Ga abin da ba wanda ya faɗa maka. Taswirar nan mota take hukuntawa, ba tanti ba. An yarda ka ajiye mota a gefen hanyar da ke buɗe, cikin ƙafa 30 daga bakinta, matuƙar ba ka tare hanya ko ka tattake tsiro ba, sannan ka ɗauki kayanka a ka ka taka zuwa filin, idan wurin ba ya cikin yankunan da aka hana kwana. Wannan sharaɗin ka riƙe shi da kyau, domin akwai yanki mai faɗi kewaye da garin Flagstaff da aka hana zango da wuta duk shekara, haka ma wajen Sedona sai a wuraren da aka keɓe. Idan akwai tafkin shan dabbobi kusa da filin, dokar Arizona ta hana kwana cikin rubu'in mil daga ruwan da namun daji ko shanu suka dogara da shi. Ka sa manhajar Avenza a wayarka ka saukar da taswirar tun kana gida, za ta nuna maka inda kake tsaye ko babu sabis. Ɗan Damagaram kuma, harajin da kake biya bai ba ka izinin ajiye mota a tsakiyar titin Las Vegas ba.

Baban Hanifa, Phoenix

Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma surukina yana fama da ciwon gwiwa, sallah ma a kan kujera yake yi. Ba zan sa dattijo ya taka rabin mil ba, kuma ruwan sha da na alwala na mutum bakwai na kwana uku ba abin ɗauka a ka ba ne. Dalilin da ya sa na zaɓi wurin ke nan tun farko, mota tana isa har bakin tanti. Kwana a bakin babbar hanya kuma ƙura ce da idon masu wucewa, abin da na gudo daga gare shi.

Direban Dallas

Ni tambayata ita ce motar. Ka karanta yarjejeniyar hayar kuwa? Yawancin kamfanonin haya sun hana hawa hanyar da ba kwalta, kuma idan wani abu ya faru a can inshorar da ka saya a wurinsu ba za ta biya ba. Wani kamfani ya taɓa cajina kuɗin gyaran ƙasan mota bayan na mayar da ita lafiya lau, suka ce sun ga jar ƙasa a jikin tayoyi, na yi wata da watanni ina jayayya da su ta waya, kowane lokaci sabon mutum ne ke ɗauka in sake labari daga farko. Kuma kuɗin janyo mota daga cikin daji ba irin na cikin gari ba ne. Wace irin mota ce ka ɗauka, mai tashi ce ko mai ƙasa-ƙasa?

Maman Iman, Tucson

Ni da zan ba ka shawara, ka riƙa leƙa Recreation.gov safe da yamma domin mutane suna soke wurarensu, kuma akwai wuraren zango da ba a kama su tun da wuri, wanda ya riga zuwa shi ke samu, musamman a tsakiyar mako. A can akwai bayan gida, wanda ina tabbatar maka Hajiya za ta fi damuwa da shi fiye da maƙwabta. Ka tambaye ta kuwa? Zani biyu da igiya sun isa su yi muku shamaki.

Ɗan Damagaram, Las Vegas

Alhaji, ba sai an yi mini gatse ba, kowa da abin da ya gani. Baban Hanifa, idan tsoro ya shige ka, ka wuce dajin Kaibab wajen Tusayan, ka kwana a can da safe ka kai su Grand Canyon, wannan ma ya fi rairayin Dubai abin ba da labari.

Alhajin Denver

Kaibab ma yana da tasa taswirar da nasa nisan da aka yarda, kada a ɗauka ƙafa 300 ta Coconino tana aiki a ko'ina, kuma da ka tsallaka cikin Grand Canyon ka shiga hannun wata hukuma dabam, inda ba a kwana sai a wurin da aka tanada ko da takardar izini. Ƙanena, a cikin Coconino ɗin kansa akwai hanyoyi masu ɗigo da yawa ta wajen Lake Mary Road da Mormon Lake, inda ƙafa 300 cikin itatuwa ta isa ta ɓoye tanti daga masu wucewa, kuma mota za ta kai surukinka har bakin shimfiɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka je Asabar ɗin nan ka zaɓi wani wurin.

Baban Hanifa, Phoenix

Asabar ina aiki, kuma na riga na nuna wa surukina hoton filin, har ya tura wa mutanen gida. Motar ba zan iya mayar da ita ba domin na biya kuɗin duka. Zan kira ofishin ranar Litinin in ji ko akwai wani izini na musamman da ake ba mai larurar ƙafa, in kuma tambayi matakin dokar wuta. Gawayin dai zan sa shi a mota, idan an ce a'a sai mu dawo da shi.

Abu Yasir, Albuquerque

Ranar nawa ga wata za ku tashi? Kuma har yanzu ba ka ba Alhajin Denver lambar hanyar ba.