Kwana biyar da yi mini zanen gira na allura: shin haka warkewarsa take?

'Yar Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin zanen gira irin na allura, ko suka san yadda fata ke warkewa bayansa. Tun ina ƙarama ruwan zafi ya ƙone ni a gefen fuska, girata ta hagu ba ta sake fitar da gashi ba daga tsakiya zuwa wutsiya, shi ya sa shekara da shekaru da jagira nake cike gurbin. Ranar Asabar da ta wuce, da na kai wa yayata ziyara Abuja, na sa aka yi mini zanen da ake tsaga fata siri-siri kamar silin gashi ana cusa launi a ciki, washegari kuma na kamo hanyar gida.

Yau kwana biyar ke nan, hankalina kuwa bai kwanta ba. Girar ta yi baƙi ƙirin kamar an shafa bakin tukunya, ta fi faɗin da muka yi magana da mai aikin, kuma tun jiya ta fara ɗaurewa tana ƙaiƙayi, wani ɓawo yana tasowa daga gefe. Mai aikin ta ce kada ruwa ya taɓa wurin har kwana goma, ni kuma ina alwala sau biyar, ga hunturu ya sauko da ƙura. Bikin ƙanwata saura mako uku. Shin wannan baƙin zai ragu kafin lokacin? Kuma ta yaya zan bambanta warkewa da ciwon da ya harbu?

Uwar Biyu, Kaura Namoda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kwalliya ba fannina ba ce, amma abin da ke girarki rauni ne, rauni kuwa aikinmu ne. Duk abin da kika lissafa, daga baƙin har ƙaiƙayin, shi ake sa ran gani a kwana na biyar.

Fata hawa biyu ce. Akwai ta sama wadda ke saɓewa tana sabuntawa cikin kusan mako huɗu, akwai ta ƙasa wadda ba ta saɓewa, kuma a saman wannan ta ƙasan ne alluran ke ajiye launi domin ya zauna. Kafin su kai can sai sun ratsa ta sama, sun bar launi mai yawa a hanya, ya haɗu da ɗan jini da ruwan ciwo ya bushe a kai. Wannan busasshen ne kike gani ya yi ƙirin, shi da ɗan kumburin kwanakin farko ne kuma suka sa girar ta yi miki faɗi. Ainihin launin yana ƙarƙashi, ba ki ma gan shi ba tukuna.

Daga yanzu zuwa kwana goma ko goma sha huɗu ɓawon zai riƙa zuba da kansa, ba kuma gaba ɗaya ba: nan ya faɗi, can ya maƙale, girar ta zama dabbare-dabbare. Ina gargaɗinki tun yanzu game da abin da zai biyo baya, domin nan ne mata suka fi firgita. Idan ɓawon ya gama zuba za ki duba madubi ki ga kamar launin ya gudu, kamar kuɗinki sun tafi a banza. Sabuwar fata ce ta rufe shi, ita kuma a farkonta fari-fari take, tana dushe abin da ke ƙarƙashinta. A hankali, tsakanin mako na huɗu da na shida, launin zai sake bayyana, ya fi na yau haske da laushi. Dalilin ke nan da masu wannan sana'a ba sa yin gyara na biyu sai bayan mako shida zuwa takwas.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninki shi ne tabon ƙunar. Fatar tabo ba ta karɓar launi daidai da lafiyayya, wani wuri ta riƙe da yawa, wani wuri ta tofar, saboda haka kada ki yi mamaki idan ta hagu ta warke daban da ta dama. Sannan mu baƙar fata mun fi saurin samun tabo mai tsiro, irin wanda ke fitowa a kunnen wasu bayan huji. Shi wannan ba a makon farko yake nuna kansa ba, yakan ɗauki watanni. Idan kin taɓa samun irinsa, ko kuwa nan gaba kika ji layin zanen yana tauri yana tasowa, ki nemi likitan fata kafin ki yarda a sake taɓa wurin da allura.

Amma ciwon da ya harbu, alamarsa ita ce yana ƙaruwa maimakon raguwa. Zogin da ya lafa a kwana na biyu ya dawo da ƙarfi a na biyar, wurin ya ɗauki zafi idan kin kara bayan hannu, kumburi ya sauko fatar ido, mugunya ruwan ɗorawa ko koriya ta fito, ko zazzaɓi ya shigo. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka ki fi dogara da zafi da zogi da kumburi. Idan kin ga ɗaya daga cikinsu, ki tafi asibiti ranar nan, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya nan cikin Gusau. Kada ki sayi kafso a kemis ki fasa ki barbaɗa, wuri ne da ke dab da ido.

Tambaya ɗaya nake son ki amsa mini: a gabanki aka ɓare allurar daga ledarta? Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin ƙarfe. Idan ba ki da tabbas, kuma ba ki yi rigakafinta ba, ki faɗa wa likita ya tsara miki lokacin gwaji.

Mai Kwalliyar Amare, Birnin Kebbi

Anti Uwar Biyu ta gama maganar lafiya, ni zan taɓa ta yau da kullum, domin amare da dama suna zuwa mini da irin wannan gira, wasu ta warke lafiya, wasu sai na sha aikin rufewa.

Maganar hana ruwa kwana goma, su kansu masu aikin ba su haɗu a kanta ba. Wasu na cewa a bar wurin a bushe ƙayau, wasu na cewa a riƙa goge shi a hankali safe da yamma da auduga mai ɗan danshi domin kada ɓawon ya yi kauri. Abin da suka haɗu a kai shi ne kada a jiƙa shi har ɓawon ya yi laushi, kada a cuɗa, kada kuma a sa masa soso. A nawa ganin, wadda ke zaune cikin ƙurar hunturun Gusau ba za ta bar fuska kwana goma ba gogewa ba. Ki tafasa ruwa ki bar shi ya huce, ki tsoma auduga ki matse sosai, ki ɗan dangwala bin kwanciyar gashin, sannan ki tsane da sabon tishu. Amma ki kira wadda ta yi miki ki shaida mata, tunda ita ta san zurfin da ta yi.

Hunturu yana da ranarsa a nan, domin babu gumi. Da a watan Afrilu kika yi, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, da gumi ya jiƙe ɓawon tun kafin ya nuna. Illarsa ita ce bushewa: ɓawon kan tsattsage ya yi ta ja. Idan an ba ki man shafawa, ki ɗebi kamar ƙwayar shinkafa ki raba wa gira biyu, da tsinken auduga ba da yatsa ba. Kada ki lafta basilin ko man kaɗanya kamar yadda muke yi wa faso, wurin zai jiƙe a ƙarƙashi ya ƙi bushewa.

Akwai ƙananan abubuwan da ba a cika faɗa ba. Tururin tukunya idan kina tuƙa tuwo daidai yake da wanke fuska da ruwan zafi, ki bar wa wata tuƙin na kwana goma. Sirace da turaren da ake lulluɓa a kai su ma haka. Ki ɗaga ɗaurin ɗankwali da bakin hijabi sama da gira, in kina sa niƙabi kuma ki lura da igiyar goshi, ita ce ke goge ɓawo ba a sani ba. Da dare ki kwanta rigingine, ki sauya rigar matashi.

Batun biki, ranar za ki kai kwana ashirin da shida ko kusa da haka, ɓawo ya zube, launi bai gama dawowa ba. Idan fatar ta rufe sumul babu sauran ɓawo, jagira ba za ta cutar da ke ba, ki cike a hankali. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne masu gyaran jiki su kai dilka ko halawa kusa da girar, ko wata ta ce za ta ƙara miki duhu da dayis. Baƙin dayis yana ɗauke da sinadarin rinin gashi da ke sa wasu mata fatarsu ta yi bororo ko da lafiyayya ce, balle wadda aka tsaga wata guda bai cika ba.

Gwaggon Yara, Talata Mafara

'Yata, Allah ya ba ki lafiya. Ba zan ga kin ambaci alwala in wuce ban ce komai ba. Hadisin da ya hana yin zane a fata da allura, ga mai yi da wadda aka yi wa, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malamai da yawa suna sanya wannan aikin a ƙarƙashinsa. Akwai kuma waɗanda ke bambanta neman ƙarin ado da gyaran lahani irin na ƙuna. Ni ba malama ba ce da zan yanke miki, ki samu malamin da kika amince da shi ki ba shi labarin yadda kika ba mu, har da ƙunar.

Ki tambaye shi kuma hukuncin shafa a kan rauni, wanda sananne ne a fiƙihunmu na Malikiyya ga wanda wanki zai cutar da ciwonsa. Wanke fuska farilla ne, ba a barinsa don kawai launi ya zauna, amma rauni buɗaɗɗe yana da nasa hukuncin. Ki kuma shimfiɗa wankakken ƙyalle a inda goshinki ke sauka a darduma, ƙurar wannan lokaci ba ta barin komai.

Baƙuwar Argungu

'Yar'uwa, ni nawa kuskuren zan faɗa miki. Shekara biyu da suka wuce aka yi mini, kuma a kwana na bakwai wani ɓawo ya ɗago a kan girar dama yana reto kamar ɓawon gyaɗa. Ina zaune gaban madubi na ce ai wannan ya riga ya mutu, na kama shi da farce na ja. Ya taho da ɗan jini a gindinsa, da na duba cikinsa sai ga layukan launi uku kwance a jiki, shar da su, kamar an zana a takarda. Wurin ya warke fari, gurbi kamar ƙwayar wake, har sai da aka yi gyara na biyu. Idan ƙaiƙayi ya matsa miki, ki danna goshi sama da girar da bayan yatsa, yana lafawa.

Kuskure na biyu ya fi wannan. A lokacin ina shafa man ƙara haske, ban faɗa wa mai aikin ba, ita ma ba ta tambaya ba, kuma mako biyu da yi na koma shafawa har kan girar. Daga baya likita ya bayyana mini cewa irin waɗannan mayukan, musamman masu sinadarin sitiroyid, suna sirantar da fata su jinkirta warkewa. Layukan da aka zana mini siri-siri suka baje suka haɗe, launin ya koma toka-toka mai shuɗi. Na nemi a goge da na'urar leza, aka ce sai an gwada a ɗan wuri tukuna, domin wasu launukan masu sinadarin ƙarfe suna ƙara baƙi idan hasken ya taɓa su. Sai na haƙura na bar shi yana kwaɗewa da kansa. Ana cewa na dindindin ne, amma yawanci shekara ɗaya zuwa uku yake yi yana dushewa, rana da maiƙon fuska kuma suna hanzarta shi. Nawa har yau akwai sauran inuwarsa.

'Yar Tudun Wada, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne domin in dawo da labari, yau kwana goma sha biyu. Anti Uwar Biyu, a gabana aka ɓare allurar, kuma na yi rigakafin ciwon hanta tun ina makaranta. Ta dama ta gama zubar da ɓawo, ta yi haske har ƙanwata ta tambaye ni ko na wanke abin ne, da ba ki riga kin faɗa mini ba da na yi kuka. Ta hagu, wajen tabon, har yanzu akwai ɓawo biyu a wutsiya, ban taɓa su ba, babu zafi babu mugunya. Gwaggo, na je wajen malam ranar Juma'a, ya yi mini bayanin shafa, sauran maganar kuma ya ce in dawo da maigidana. Mai aikin ta sa mini ranar gyara mako bakwai daga ranar farko, amma na ce mata sai likitan fata ya duba tabon tukuna.