Me za mu kira raptor da Hausa?

Ina cikin rubuta wani bayani kan mutanen da ke hawa tudu duk shekara suna ƙirga tsuntsaye, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: raptor. Turawa na nufin shaho da shirwa da gaggafa da mikiya da ungulu gaba ɗaya. Mu kowanne da sunansa, amma sunan da zai tattara su ne na rasa. Na tambaya a nan shekaranjiya, amsoshi sun zo da yawa, ga inda na tsaya.

Bari in fara da aikin kansa, don wasu sun ɗauka wasa ne. A Batumi, ƙasar Jojiya, tun 2008 ake wannan ƙidaya daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, kuma tsuntsayen da ke wucewa sukan haura miliyan ɗaya a shekara. Baƙin Teku na gefe ɗaya, duwatsun Kokesas na ɗaya gefen, tsuntsayen kuwa ba sa son ƙetare ruwa mai faɗi, dole su matsu ta wannan 'yar tsukakkiyar hanya. A Berakurus ta Meziko lissafin ya kan kai miliyan huɗu. Wanda ya girme su duka shi ne Hawk Mountain a jihar Pensilbeniya ta Amurka, inda a da mahalba ke taruwa suna kakkaɓo tsuntsayen don nishaɗi, har Rosalie Edge ta karɓi hayar dutsen a 1934 ta hana harbi.

Amsar da ta fi yawa ita ce "tsuntsaye mafarauta". Tana da daɗin faɗa, kowa zai gane. Matsalarta ungulu. Yaushe ungulu ta taɓa farauta? Alhali a Berakurus ungulun Amurka na cikin waɗanda suka fi cika littafin ƙidaya. Sannan tsuntsun da ya fi yawa a Batumi a ƙarshen Agusta, wanda Turawa ke kira honey buzzard, tona gidan rina yake yi da ƙafa yana cin tsutsotsin ciki. In wannan farauta ce, to kaza ma mafarauciya ce. "Masu cin nama" kuma ya yi faɗi, hankaka zai shigo, zalɓe ma zai ce a ba shi kujera.

Wani malami ya bi ta tushe. Ya ce raptor daga kalmar Latin take, rapere, wato fizgewa, don haka mu ɗauki "sura", kamar yadda ake cewa shirwa ta suri ɗan tsako, mu ce "masura". Malam, Allah ya ƙara basira, na so wannan ƙwarai, don ya kama abin da ya raba yawancin tsuntsayen nan da saura: da ƙafa suke kamu, ba da baki ba. Sai dai na gwada a kan mutum uku ba tare da bayani ba, biyu suka zaci surorin Alƙur'ani nake nufi, ɗaya ya ce ko masara na so in rubuta. Wanda ya kawo "mafauta" daga fauce kuwa, ɗan'uwa, ka aika mu kwata ne.

Abin da na zaɓa ba ƙirƙira ba ce: dangin shaho. Haka muke yi dama, mu ɗauki fitacce a cikin iri mu jingina masa saura. Dangi ba sai halinsu ya zo ɗaya ba, saboda haka ungulu ta shiga ba tare da an yi mata ƙaryar farauta ba, mai tonon gidan rina ma ya shiga. Su kansu Amurkawa haka suka yi, hawkwatch suke cewa, da sunan shaho kaɗai, ko da mikiya ake ƙirgawa. Ke nan aikin ya zama "ƙidayar dangin shaho", wurin kuma "tudun ƙidaya".

Kalma ta biyu, migration, ta fi ba ni daɗi. Ana yawan rubuta "hijirar tsuntsaye" ko "ƙaura". Hijira gudu ce daga wani abu, ƙaura kuma tashi ne da niyyar zama. Tsuntsayen da ke bi ta Batumi kuwa suna barin Turai da Rasha idan sanyi ya gabato, su nufi Afirka inda abinci yake, su koma gida su yi sheƙa idan lokaci ya yi, duk shekara. Wannan ci-rani ne, ba ragi ba ƙari. 'Yan ci-rani. Ban ga abin da zai sa mu bar kalmar da ta zauna daram haka ba, ko da su sanyi suke ci a waje ba rani ba.

Sai kettle, sunan da Turawa ke ba gungun tsuntsayen nan idan suna zagaye a sama. Wannan shi ne inda na fi daɗewa. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi na tasowa sama kamar ginshiƙi. Tsuntsayen sai su shiga cikinta su baje fukafukai, ba kaɗawa, suna zagaye tana ɗaga su, ɗaruruwa a cakuɗe. Da sun kai ƙololuwa sai su silale ɗaya bayan ɗaya a jere zuwa ta gaba. Shi ya sa suke tsoron teku, don ruwa ba ya ba da irin wannan iska sosai. Masu ƙidaya ba sa ƙirga su suna zagaye, za a maimaita tsuntsu ɗaya sau biyar. Jira suke su miƙe, mutum na riƙe da madubin hangen nesa, babban yatsa a kan 'yar na'urar dannawa, ya ƙirga goma ya ga girman gungun, sannan ya riƙa dannawa goma-goma. Wani ya fassara kettle da "buta", na kusa shaƙewa da dariya. Muna da kalmar tun kaka da kakanni: jewa. Ungulu ba ta jewar banza. Don haka kettle jewa ce, "an ga jewar shirwa ɗari uku". Iskar da ke ɗaga su kuma, thermal, na ba ta "hucin ƙasa". Wata 'yar'uwa ta ce "tururi", amma tururi da ruwa yake tafe, huci kuwa zafi ne mai tasowa.

Wanda ya rage mini shi ne autumn. Littattafai na cewa "kaka", ni ma da ita na yi aiki, amma kunnena girbi yake ji, ba faɗuwar ganye da ƙaratowar sanyi ba. A rubutun dai na sa kaka, na bi ta da sunayen watanni. Mai wadda ta fi ta ya ajiye a ƙasa, bayanin bai tafi ba tukuna.